Kwalbar da Aka Yanke wa Wuya

Ni na fara ganinsa. Ran Talata ce, mako na biyu da fara tsinkar inabi. Na sauko daga gona da la'asar don in ɗora miyar ma'aikata, sai na tarar da ƙofar ɗakin ƙasa a buɗe. Mijina Firmino ba ya barin ƙofar nan a buɗe, ya ce zafi yana ɓata giya. Na leƙa da niyyar yi masa tsiya. Yana kwance a gindin matakala, fuska sama, ƙeya a fashe. Kusa da hannunsa akwai kwalba a tsaye, saura rabi.

Shekara talatin da ɗaya muna tare. Ban yi ihu ba. Na zauna a matakala ta uku ina kallon takalmansa har maƙwabciyata Deolinda, mai gurasa, ta zo aron gishiri ta same mu a haka.

Da farko gari ya ce sha ya yi ya zame. Amma likitan da ya hawo daga bakin kogin Duro ya ce a'a. Wuyan rigarsa a yage yake, akwai tabon hannu a ƙirjinsa, kuma jinin da ke ƙasa bai kai na irin wannan rauni ba. Daga nan idanu suka koma kan ɗanmu Amadeu.

Ran Lahadin da ta gabata, a ƙofar coci, uba da ɗa sun yi cacar baki a gaban kowa. Maganar tsoffin kuringun inabin da kakan yaron, Serafim, ya dasa a kan tudu ce, layi-layi, ƙunci sai alfadari ke iya shiga. Amadeu yana so a tumɓuke su a faɗaɗa wurin don tarakta. Firmino ya ce sai dai bayan ransa. Shi kuma yaron, da zuciya ta ɗebe shi, ya ce to sai su jira. Babu wanda bai ji ba. Ga shi kuma ran Talatar, da tsakar rana, ya ɓace daga gona na awa biyu. Ya ce gangarawa ya yi bakin kogi kallon wata tarakta tana aiki a ƙetare, amma ba wanda ya gan shi.

Muka binne Firmino ran Alhamis. A ƙofar maƙabarta kofur ɗin 'yan sandan garinmu ya kama hannun Amadeu. Ya ce mini Laraba mai zuwa za a kai shi gaban alƙali, daga can sai kurkukun birnin Porto. Matan da na yi shekaru ina wanki da su a bakin famfo suka sunkuyar da kai. Wan mijina ne kaɗai, Yaya Abilio mai haɗa gangunan giya, ya rako ni gida yana kuka. Ya ce in yi haƙuri, yaron jinin Serafim ne, su duka haka suke in rai ya ɓaci.

Da safiyar Juma'a na hau dutse wajen Kawu Gaspar. Ba ɗan'uwana ba ne, kowa Kawu yake ce masa. Tsohon makiyayi ne, yanzu masu gonaki ke kiransa ya bi sawun aladun daji da ke ɓarnar inabi. Na same shi yana cin gurasa da zaitun a bakin bukka. Na faɗa masa komai. Ya ce shi sawun dabba ya sani, dabba ba ta ƙarya. Na ce to ɗana ma ba ya yi. Ya tofar da ƙwallon zaitun ya ɗauki sandarsa.

A ɗakin ƙasa bai ko kalli wurin da gawar ta kwanta ba. Kwalbar ya tambaya. Kofur ya shinshina ta ya bar ta, ni kuma na tura ta bayan ganga don ba na son ganinta. Gaspar ya ɗaga ta wajen haske. Ba ta da wuya. An yanke shi tas, sumul kamar da wuƙa, bakin yankan kuma an shafe shi da kakin zuma.

Na san kwalbar. Ta ƙarshe ce daga giyar da Serafim ya matsa da ƙafarsa shekarar da zai rasu. Irin waɗannan tsoffin ba a sa musu mabuɗi mai murɗiya, don matoshin ya ruɓe, sai ya marmashe ya faɗa ciki. Awartaki ake sa wa a garwashi har ya yi ja, a maƙe wuyan kwalbar da shi, a cire, a shafa gashin kaza jiƙaƙƙe da ruwan sanyi, sai ka ji ƙas, wuyan ya fita da matoshinsa. Kakin kuma al'adar gidan Serafim ce, don kada wani ya yanke hannu.

"Ina awartakin mijinki?" in ji Gaspar.

Na nuna masa a jikin ƙusa. Bai taɓa shi ba, ya ce in matso in gani. Gizo-gizo ya yi saƙa daga bakin ƙarfen zuwa bango, har da ƙura a kanta. Ya tambaye ni ko akwai wuta a gidan ran Talata da rana. Na ce babu, tun asuba na kashe murhu na bi ma'aikata.

"Ƙarfen nan daga garwashi zuwa kwalba taku biyar ne, in ya wuce haka ya huce. Ba a nan aka buɗe ta ba, Zulmira. Kuma ina wuyan?"

Muka share ɗakin kaf. Babu wuya, babu matoshi.

Ya fita ta ƙofar baya, inda lungu ke da ƙasa mai laushi, ya tsuguna. Ni ban ga komai ba sai sawun jama'ar da suka zo ta'aziyya. Shi kuwa ya bi gefen bango da sanda ya nuna mini sawun baro guda biyu. Mai shigowa ya nutse, mai fita bai nutse ba. Ya bi shi yana tafiya a karkace kamar kaguwa, har bakin hanyar da aka shimfiɗa wa duwatsu, nan sawun ya ɓace. Ya zagi duwatsun da wanda ya shimfiɗa su. Lokacin tsinka kowane gida yana da baro a waje.

Ya ce tunda ƙasa ta ƙi magana, sai mu bi wuta. A wannan zafin, su wa ke da garwashi da tsakar rana?

Deolinda muka fara tambaya. Tandunta ya mutu tun ƙarfe goma, ta ce, amma ita in da ita ce mu, da ta duba Valente. Valente ɗan cirani ne daga bayan duwatsu, shi ke gasa wa ma'aikata kifin sardin a gindin tudu. Firmino ya taɓa kama shi da kwalba a buhu ya yi masa tas a gaban mutane.

Muka same shi yana wanke kwanduna. Da ya ga Gaspar ya fara rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Gaspar ya ce ba rantsuwa ta kawo shi ba, ƙishi yake ji. Ya zaro kwalbar giyar bara daga jakarsa ya ce ya manta mabuɗi. Valente ya karɓa, ya ɗauki cokalin miya, ya sa ƙotar ya danna matoshin ciki da ƙarfi har giya ta fantsama masa a ido. Gaspar ya tambaye shi ko ya taɓa ganin an buɗe kwalba da wuta. Valente ya yi dariya ya ce Kawu ya tsufa, wa zai ƙona abin sha? Muka bar shi yana goge fuska.

Ran Asabar muka je wajen Tome, maƙwabcinmu na gona. Shi kam shi na fi zargi. Shekara goma yana rigima da Firmino kan ranar ban ruwa, ga tukunyar dafa barasa da wutarta ba ta mutuwa lokacin tsinka, ga shi ya taɓa aiki a manyan gidajen giya na Porto, ya iya awartaki. Bai ɓoye ba. Ya ɗauko nasa ya jefa a gabanmu, ya ce e, ya ƙi jinin Firmino, kuma yanzu da ya mutu bai san da wa zai riƙa faɗa ba. Gaspar ya nuna masa kwalbar. Tome ya shafa kakin ya taɓe baki, ya ce wannan ƙyale-ƙyalen gidan Serafim ne, a Porto tsumma kawai ake sa wa. Sannan ya miƙo hannuwansa biyu. Rawa suke yi kamar ganye.

"Shekara huɗu rabon da in yanka kwalba ba ta tarwatse ba, Gaspar. Miyar ma matata ke zuba mini."

Muka fito. Na ce da Gaspar kakin nan ai Amadeu zai ƙara ɗaurewa, tunda ubansa ya koya masa. Ya ce Serafim 'ya'ya nawa ya haifa? Na tsaya cik a kan hanya. Na ce masa kada ya soma. Yaya Abilio ne ya ɗauki akwatin gawa ta gaba. Shi ya goyi bayan Firmino a maganar kuringun, tunda tudun nasu ne su biyu, ba a raba ba. Tun ran Talata kullum matarsa na kawo mini abinci. Gaspar ya ce shi bai ce komai ba, wuta kawai yake bi.

A farfajiyar Yaya Abilio wuta ba ta mutuwa, da ita yake lanƙwasa katakon ganga. Ya tarbe mu da kujeru, ya ce ƙanwata kin rame. Gaspar ya yi ta zagaye-zagaye, ya tambayi farashin katako, ya yaba baron da ke jingine an wanke shi fes. Da aka zo kan awartaki, Abilio ya ce nasa ya ɓata tun bara. Ran Talata kuwa yana nan yana aiki shi kaɗai, matarsa na gona. Ya ce in da zai ba da shawara, a bar hukuma ta yi aikinta, tone-tone ba ya dawo da mamaci. Duk tsawon hirar hannunsa na hagu yana kan aljihun falmaransa.

A hanyar dawowa Gaspar ya ce mutum yana sanye da falmaran a gaban wuta cikin wannan zafi, kuma 'yan yatsunsa biyu da sababbin yanka ƙanana. Na ce mai aikin katako ne. Ya ce katako tsaga yake yi, ba ya irin wannan yankan. Ya tambaye ni abin da ke kan matoshin kwalbar Serafim. Na ce jan kaki ne, tsohon yana danna babban yatsansa a kai kafin ya bushe, duk kwalabensa haka suke. Gaspar ya gyaɗa kai. Ya ce amma da baro wankakke da yankan yatsa kofur ba zai saki kowa ba.

"Ran Litinin addu'ar kwana bakwai," ya ce. "Ki yi abinci da yawa. Ki gayyaci kofur, ba ya ƙin kifi da dankali. Duk wani mabuɗi da ke gidan ki ɓoye shi."

Bayan an fito daga coci suka taru a kicin ɗina. Fada, malamin cocinmu, yana zaune a gaban tebur, kofur a gefensa, sai Tome da matarsa, Deolinda, Valente a bakin ƙofa da hularsa a hannu, da Yaya Abilio a kujerar mijina, don shi ne babba. Na zuba kifi mai gishiri da dankali da kabeji. Deolinda ta karɓi ludayin ta taya ni. Jibi za a tafi da ɗana, ni kuwa ina raba wa mutane abinci.

Da aka ci, Gaspar ya ce ai ba a tashi addu'ar mai gonar inabi ba a sha daga hannunsa ba. Ya sauka ɗakin ƙasa ya hawo da kwalbar da Firmino ya ajiye shekarar aurenmu, duk ƙura. Ya nemi mabuɗi, na ce ban san inda yake ba. Ya miƙa wa Tome, Tome ya nuna hannuwansa. Valente ya ce a ba shi cokali, Fada ya ce Allah ya kiyaye. Sai Gaspar ya ce to su makiyaya suna da tasu dabara. Ya zauna ya kwance takalminsa na dama, ya zura gindin kwalbar a ciki, ya miƙe yana ɗingishi da safa mai huji, ya nufi bango. Ya ce bugu bakwai matoshin zai fito da kansa.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da bugu ɗaya zai yi wa giyar shekara talatin. Lakar da ta kwanta a gindi za ta tashi, shi ke nan ta zama ruwan kwata. Tome ya rufe ido. Gaspar ya ɗaga hannu.

"Ajiye ta," in ji Yaya Abilio. Ya riga ya miƙe. "Kai da awaki ka saba. Kawo nan."

Ya karɓe ta da hannu biyu kamar jariri, ya tsayar a kan tebur. Ya aike ni in ɗauko awartakin Firmino, ya share saƙar gizon da hannun riga, ya cusa a garwashin murhu. Ya ce in kawo gashin kaza da ruwan randa da kaki. Ƙarfen ya yi ja. Ya maƙe wuyan, yana ƙirgawa a ransa, leɓunansa na motsi. Ya cire, ya shafa gashin. Ƙas. Ya ɗauke wuyan da matoshinsa, ya tsoma bakin kwalbar a kaki, duk ba tare da ya girgiza ta ba. Ban taɓa ganin aiki mai tsabta haka ba, har Fada ya yi ajiyar zuciya.

Sannan ya yi abin da ubansu yake yi, abin da Firmino ma yake yi. Wanda ya yanka kwalba shi ke riƙe wuyan. Ya zura shi a aljihun falmaran bai ko duba ba.

Muka ji gilashi ya bugi gilashi.

Ƙarar ba ta da yawa, amma ɗakin shiru yake. Hannunsa ya tsaya a bakin aljihun.

"Kwalba ɗaya ka yanka, Abilio," Gaspar ya ce, yana tsaye da takalmi ɗaya. "Me ɗayan yake yi a can?"

Abilio ya ce tsohon abu ne. Gaspar ya ce to a gani. Ya jawo kwalbar ran Talata daga ƙarƙashin benci ya ajiye a gaban kofur. Kofur ya goge baki ya miƙa tafin hannu. Abilio ya dube ni, ni ban kau da kai ba. Ya zaro wuya biyu. Ɗaya yana da jan kaki da shatin babban yatsa. Kofur ya kankare kakin zuman da farce, ya ɗora wuyan a bakin kwalbar. Ya zauna daram, ko gashi ba zai shiga tsakani ba.

Abilio ya koma kujera ya faɗi komai, ba wanda ya matsa masa. Firmino ne ya zo masa da tsakar rana da kwalbar ubansu a ƙarƙashin riga. Abilio ya yi murna, ya ɗauka sun zo shan nasarar da suka yi a kan yaron. Ya yanka, suka sha kofi ɗaiɗai. Sai Firmino ya ce ya kwana biyu yana tunani, yaron yana da gaskiya, alfadari ya tsufa, bayansa shi ma ya gaji, bayan tsinka za a tumɓuke kuringun. Ya kawo kwalbar ce don su yi wa aikin ubansu sallama. Abilio ya ce bai san lokacin da ya shaƙe shi ya tura ba. Ƙeyar Firmino ta sami maƙerar da ake bugun ƙarafan ganga. Ya sa shi a baro ya rufa da buhuna ya turo shi ɗakin ƙasanmu, gari duk yana gona. Ya kawo kwalbar don a ce sha ya yi ya faɗi. Awartakinsa ya jefa a rijiya. Wuyan kuwa ya kai shi bakin rijiyar sau uku ya kasa saki, yatsan ubansa ne a kai, a gida kuma yana tsoron matarsa ta gani.

Ya ce da ni, "Ƙanwata, ban yi niyya ba."

Na ce masa turawar na yarda bai yi niyya ba. Amma ran Alhamis yana tsaye a ƙofar maƙabarta aka kama yaron da ke ce masa Baffa, ya raka ni gida yana ba ni haƙuri. Wannan kam da niyya ya yi. Na ce ya tashi daga kujerar mijina.

Ran Talata da hantsi Amadeu ya hawo a motar kofur. Ya rame, gemu ya fito masa. Bai shiga gida ba, ya zauna a dakalin ƙofa. Deolinda ta riga ta tare shi a hanya ta ba shi rabin labarin, sauran ni na ƙarasa masa. Da na zo kan abin da ubansa ya je faɗa wa Abilio, ya sa na maimaita sau biyu.

"Inna, ya yarda? Da bakinsa?"

Na ce da bakinsa.

"To me ya hana shi ya gaya mini? Tun Lahadi muna cin abinci a tebur ɗaya ba ya kallona."

Na ce wansa ne babba, dole shi zai fara ji. Haka aka rene su. Da a ce ya dawo daga can, da kai ne na biyu.

Ya sa fuska a cikin hannuwansa. Na bar shi a wurin na shiga na ɗora masa ruwan wanka.